Maganin Ɓera

"Na ba su maganin, kamar yadda kika ce," in ji Kaka, tana tsince wake.

Jikarta ta waiga. Kwalbar maganin da ta bari tana nan bakin taga, ko buɗe ta ba a yi ba.

Yajin aiki ne ya rufe ɗakin gwajinsu na jami'a, ta kwaso fararen ɓerayenta ta dawo Rurum. Bincikenta a kan yadda gubar feshin gona ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. Duk ɓerayen sun sha gubar. Rabinsu, waɗanda ta shafa wa shuɗi a wutsiya, tana ɗura musu sinadarin da ta tace daga zogale, ko zai kare musu hankali. Da safe, da za ta tafi Kano, ta ce, "Kaka, a ba ɓerayena magani."

"Wane magani kika ba su?" jikar ta tambaye ta yanzu.

"Maganin ɓera mana. Har kasuwar Rano na aika aka sayo mai ƙarfi, na kwaɓa da tuwo."

Jikar ta ruga ɗaki. Rabin ɓerayen sun miƙe ƙafa. Sauran sun takure a lungun keji suna hararar tuwon.

Kaka ta leƙo. "Masu shuɗin wutsiyar nan shaiɗanu ne. Suna sunsunawa suka ja baya."

Jikar ta duba gawarwakin, babu mai shuɗi ko ɗaya. Zogalen ya yi aiki. Ta zauna a ƙasa, tana hawaye tana dariya.

"Daina kuka, 'yar nan," in ji Kaka. "Gobe zan sa musu daddawa a tuwon."