Jinin Masu Haƙar Rijiya

Tunda ka ce babu buƙatar ka je ƙauye ɗibar jinin tsofaffi, wai bayanan da ke cikin kwamfutarka sun ishe ka, to jawo kujera in ba ka wani misali.

An yi wata ɗaliba mai neman digiri na uku a wannan fanni namu na karanta ƙwayoyin gado. Tana da kai, ba ta da ƙiwa, sai dai akwai ta da gaggawa, kuma ta fi yarda da na'ura a kan furfura. Wata rana wani likita ya aiko da jinin wa da ƙane, masu haƙar rijiya. Mutuwar fuju'a ce ta sa gidansu a gaba: ubansu ya faɗi da diga a hannu, babban wansu ma haka, likitan kuma ya ce ciwon zuciya ne na gado. Ya haɗo da jinin wan da ya rasu, wanda ya adana. Abu ɗaya ake so a sani: cikin biyun da suka rage, wa ya gaji ciwon?

Ta duƙufa tana tace miliyoyin haruffan da na'ura ta karanto daga jinin, har ta ci karo da harafi guda da ya sauya a ƙwayar da ke kula da bugun zuciya. Yana jikin marigayi, yana jikin wan, babu shi a jikin ƙanen. Ta duba babban rumbun bayanan nan da muke arowa daga ƙasashen waje, na mutum dubu ɗari masu lafiya, ba ta gan shi ko a mutum ɗaya ba. Nan take ta ce ta kama ɓarawo. Malaminta, wani dattijo da ɗalibai ke yi wa kallon mai jan rai, ya tambaye ta, cikin dubu ɗarin nan mutum nawa ne 'yan garin masu rijiyar? Ya ce ta je ta ɗebo jinin tsofaffin garin, ko da ɗari biyu ne, ta gani ko su ma suna da harafin. Ta ce to da baki. A ranta kuwa tana hango wata shida na wahala a hanya marar kwalta, ga ranar kare kundinta ta matso. Dattijon ya kwanta jinya, ita kuma ta miƙa wa likita sakamako.

Aka kira su biyun. Aka ce wa wan kada ya sake shiga rijiya, aka ce wa ƙanen ya gode wa Allah, ya tsira. Da can karɓa-karɓa suke yi, yau wannan a ƙasa yana haƙa, gobe wancan. Daga ranar wan ya tsaya a bakin rami yana jan guga, ƙanen ya ɗauki haƙar mutum biyu. Sau biyu jiri ya kwashe shi, matarsa ta roƙe shi ya koma asibiti, ya ce, "Haba, ai takarda ta wanke ni." Ana tsakiyar bazara, a wata rijiya mai gaba goma sha biyu, wan ya ji sarar diga ta tsaya. Ya kira, shiru. Da igiyar da yake jan ƙasa ya jawo gawar ƙanensa.

Bayan shekara biyu, ɗalibar nan ta zama Dakta, sai wani binciken dabam ya kawo mata jinin tsofaffin wannan gari. Ta ga harafin nan a jikin mutum ɗaya cikin kowane shida, har da wata tsohuwa mai shekara tamanin da har yanzu ita ke yi wa kanta daka. Ashe alamar zuri'a ce kawai, kamar tsagar fuska, ba ta kashe kowa. Ainihin abin da ke kashe mazan gidan nan yana can ba ta taɓa ganinsa ba. Baƙin ciki ya cika ta, kunya ta hana ta sakat, domin tun da wan nan ya ji ita ce ta yi gwajin, bai taɓa fashin zuwa gaishe ta ba duk bayan Sallah, da ƙwan zabi a ƙwarya.

Da ya zo a wannan shekarar, ya durƙusa ya ce, "Likita, Allah ya saka miki da alheri. Ba don takardarki ba, da ni ma ina cikin ƙasa." Ta kasa karɓar ƙwaryar. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Sai ya ce a hankali, "Ranar nan fa, ni ke da shiga." Ya ajiye ƙwan ya fita, ba ta sake ganinsa ba.

Rumbun mutanen can ba ƙarya ya yi mata ba, shi dai ba a jikinmu aka auna shi ba. Tashi ka nemi mota ka tafi ƙauye. Hausawa sun riga mu faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.