Motar da Ba Ta Kwana da Ƙishi

An yi wani Alhaji a wani ƙauye na bakin titi da ya ce shi dai, ko man fetur zai kai tsadar turare, motarsa ba za ta taɓa kwana da ƙishi ba. A majalisa yake faɗa, yana kaɗa makulli a ɗan yatsa. Keke, in ji shi, na masu tallan kifi ne. Bas kuwa, Allah ya kiyashe shi zama cinya da cinya da buhun albasa. To, kai da kake jin kunyar a gan ka a kan keke, gyara zama, don mutumin nan ya fi ka iya kunya.

Da mai ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya san inda ya nufa. Malamin makaranta ya jingine babur ya koma ƙafa. Bas ɗin da ke shiga birni sau biyar a rana ya koma sau ɗaya tak, da hantsi. Alhaji kuwa tankinsa ya bushe ƙaf, amma baki ya riga ya yi gaba. Sai ya ƙago dabara. Kullum kafin a fito masallaci da asuba, ya saki birki ya tura motar a hankali, yau ta kalli gabas, gobe ta kalli yamma, ya yayyafa wa tayoyi taɓo don a ce daga tafiya ta dawo. In birni za shi, ya zagaya ta bayan gari, ya zaro wani tsohon keke da ya ɓoye a cikin dawa. Mutum ɗaya ne ya san wannan asiri: mai gyaran keke na gindin tsamiya, abokinsa tun suna tsirara, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Shi ya haɗa masa keken, shi ke masa faci. In Alhaji ya kira shi Sarkin Faci a gaban jama'a aka yi dariya, sai ya yi murmushi ya ci gaba da bugun famfo. Sai sun keɓe yake ce masa ya fito da keken nan fili ya huta, ba a taɓa binne wani don an gan shi yana tuƙi ba.

Ran nan da hantsi mai gyaran ya sunkuya kan taya, sai ya kife. Aka ɗago shi baki ya karkace, harshe ya ƙi, ɓari ɗaya ba motsi. Aka cicciɓe shi zuwa bakin titi, matarsa na biye da mayafi a hannu. Allah ya taimaka ga bas ya tsaya. Fasinjoji har sun fara matsawa, wata mata ta ɗauke kwandonta ta ɗora a cinya. Sai wani mai neman suna ya ce ina dalili, ga Alhaji da mota a ƙofar gida, a cusa marar lafiya cikin awaki? Idanu suka koma kan Alhaji. Maganar ta zo masa har maƙogwaro: ba ni da mai. Gajeruwar magana, ko yaro ya iya ta. Ya dubi fuskokin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya raya a ransa ƙila akwai ɗan sauran da ya kwanta a gindin tanki. Sai ya ɗaga makulli.

"Direba, tafi abinka. Ɗan'uwana ba zai shiga wannan ba ina raye."

Marar lafiya ya damƙe hannun Alhaji da hannunsa mai rai, yana gurnani, idonsa na bin bas har ya sha kwana. Mutane suka ce Allah sarki, godiya yake yi. Alhaji kaɗai ya san abin da hannun nan yake faɗa.

Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Alhaji ya murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Ya ce sanyi ne, alhali gumi na ɗiga daga gemunsa. Samari suka tura ta har ƙarshen layi, suka juyo da ita. Rana ta ɗaga. Da suka tsaya shan iska, sai aka ji wani siririn kuka daga gaban motar. Alhaji ya ce ba sai an buɗe ba. Aka buɗe. Kaza ta yi tsalle ta fito tana kyarkyara, ga 'yan tsaki bakwai a lungun batir, cikin ɓawon ƙwai da gashi. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce ai tata ce da ta ɓata, har ta ɗora wa muzuru laifi. Babu wanda ya yi boko a wurin da yawa, amma kowa ya san kwana ashirin da ɗaya kaza ke kwanci, kuma ba ta yi a kan wuta.

Wani ya ruga neman amalanke. Sai muryar matar ta fito daga baya, a hankali.

"Ku bari haka nan. Ya riga ku tafiya."

Ba wanda ya zagi Alhaji, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya a tsakiyar rana da makulli a hannu, shatin yatsun abokinsa bai gama ɓacewa daga fatarsa ba, 'yan tsaki suna wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Mutumin da ya rufa masa asiri yana kwance a baya, an ja masa mayafi.

Ai tun da can Bahaushe ya gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.