Gashin Baki da Sha Tara ga Oktoba

Da Oktoba ta kama, duk mai zuwa shagon Mai Aski ya san kunnensa ya shiga uku. Baba Direba zai zo tun da hantsi, ya haye kujerar da ke kusa da fanka, ya murza gashin bakinsa dama da hagu, ya fara ƙirga kwanaki. Ranar sha tara ga wata aka haife shi. Haka masu yin katin shaida suka faɗa masa, shi kuwa ya riƙe maganar kamar sitiyari.

Ba haihuwar ce abin taƙama ba, kowa ma haifarsa aka yi. Abokan haihuwar ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Mai Aski ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun tebur, ya ce fallen kalanda ne na wannan ranar, ya gyara murya ya karanta masa. A rana irin wannan aka haifi janar ɗin da ya ci gari bakwai kafin ya karya kumallo. A ranar aka haifi wanda ya ƙirƙiro famfon keke. A ranar dai sarakuna biyu suka yi sulhu a bakin kogi. Ga ma zanen kogin nan, dogo, siriri, ya lanƙwashe, da wani abu kamar cokali a gefensa, wanda Mai Aski ya ce abin tuƙa kwalekwalen sarki ne.

Shi Baba Direba, ban da lambar mota, bai san komai a rubutu ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya sa aka saka takardar a gilashi, aka rataye ta can sama da madubi inda hannu ba ya kai. Duk shekara Mai Aski zai hau benci ya karanta, duk shekara kuma sai an sami ƙarin mutum. Bara har da matar da ta tuƙa jirgin sama da goyo a baya. Mai Aski ya ce rubutun ne sirara kamar ƙafar sauro, sai a hankali ido ke tsinto su.

Mutum ɗaya ne abin ke ci wa rai, wato Akawu. Shekara talatin ya yi a ofis, biro uku a aljihun gaba, jarida a hammata ko ina ya je. In aka kawo masa wasiƙa sai ya ce shi ba ya shiga sirrin mutane. Kafin takardar nan, shi ake tambaya labarin duniya a shagon.

Bana, ana saura kwana biyu, ya kasa daurewa.

"Kai Direba, ka ishe mu. Wallahi babu ko janar ɗaya a takardar nan."

"To, Sarkin Biro, jibi kai za ka karanta da bakinka. In ba haka ta ce ba, a kwashe min gashin bakin nan a gaban kowa. In kuwa haka ta ce, naka za a kwashe."

Tela da mai facin taya da ke zaune a shagon suka ce sun shaida. Akawu ya gyara zaman jaridarsa a hammata. Magana ta riga ta fita.

Sai da Baba Direba ya isa gida hankalinsa ya dawo jikinsa. Shekara arba'in reza ba ta taɓa gashin bakin nan ba. A cewarsa don shi matarsa ta aure shi, don shi kuma ake ɗaga masa shinge a hanya ba tambaya. Kwana biyu yana shafa masa mai yana yi masa magana kamar mai jinya.

Ranar sha tara shago ya cika har bakin ƙofa. Mai Aski yana ta zufa, ga fanka a kansa. Ya ce ƙusar ta yi tsatsa, ba za ta ciru ba. Ya ce bayansa ya riƙe. Mai faci ya hau benci ya sauko da gilashin a minti ɗaya.

Akawu ya karɓa. Ya goge tabarau, ya sa. Ya kai takardar nesa, ya kawo ta kusa. Leɓensa na motsi, yatsansa na bin layi. Baba Direba ya rufe gashin bakinsa da tafin hannu. Mai Aski kuwa ƙofa yake kallo kamar mai auna nisanta.

"Haka ne," in ji Akawu can ƙasa-ƙasa.

"Duka?" in ji Baba Direba.

"Duka. Har mai goyon. Akwai ma wani likita a can ƙasa, shi ba ku gani ba."

Mai Aski ya dubi Akawu, Akawu ya dubi Mai Aski, kowa ya kawar da kai.

Shago ya kaure da ihu. Baba Direba ya miƙe yana taka rawa, yana cewa a ƙara likita cikin abokan haihuwarsa. Akawu ya hau kujerar aski ba musu, aka ɗaura masa ƙyalle, gilashin na hannunsa yana ta nazari kamar mai neman inda ya yi kuskure. Reza ta bi ɓangaren dama ta share tas.

Ana shirin taɓa na hagu sai ga 'yar Mai Aski, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta leƙo karɓar makullin gida. Ta gaida iyayenta ɗaya bayan ɗaya, har ta juya, sai idonta ya faɗa kan abin da ke hannun Akawu.

"Baba, wa ya sa takardar maganin tsutsar ciki a gilashi? Kuma Baba Akawu, ai a juye kuka riƙe ta."