Dutsen da Ya Ƙi Sassaƙuwa

"Wata huɗu, Munashe. Wata huɗu dutsen nan yana kallonka kana kallonsa."

Farai, yayansa kuma mai shirya masa baje koli a Harare, ya yi ƙafa da tsintsiyar da ke jingine a rumfar aikin. Munashe ya ci gaba da wasa kurfin sassaƙar da ya wasa jiya. Ya share rumfar sau uku, ya jera guduma, amma dutsen ko ƙwarzane babu.

"Yaya, aikin hannu ba ya son gaggawa."

"Rufe min baki, malalaci. Saura kwana tara, duk Harare na jiran gwanin garinmu Chitungwiza." Ya harari matar ƙanen nasa, Ruvimbo, da ke ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa. "Ke kuma kin zauna kamar turmi, ba ki tsinana masa komai."

Ya fice a fusace.

Munashe ya lallaɓa ya durƙusa gabanta, ya miƙa mata kurfin.

"Maman Tino, ki rufa min asiri."

Ba ta ko ɗago ba.

"Shekara goma ina sassaƙa kana sa sunanka. Wannan karon, gwani, sassaƙa da kanka."