Dakan Safe

"To wai wa ya gaya wa yarinyar nan muna da hatsi?"

A bakin rijiya Iya Nafi ta jefa tambayar. Ba Ɗela aka yi wa ba, amma duk idanu kanta suka sauka. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan guga.

Kwana uku ke nan da kamyon dawar agaji, babbar motar kaya, ya sauke a ƙauyukan Yekuwa, ya ratsa nasu ko birki bai taka ba. Maigari ya bi sawu har Magarya, aka buɗe masa takarda a biro, ofishin hukuma: garinsu ba ya cikin masu yunwa. Wai bincike ne ya nuna.

Binciken na Zouera ne, wata 'yar Yamai da ke karatun dokta a Faransa kan zaman mutanen karkara da yadda za a ciyar da su gaba. Wata biyu ta yi a gidansu Ɗela, bayan damina ta biyu da ta ƙi. Hausarta ba ta nuna ba, sai Maina, mijin Ɗela, da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya zama tafintanta.

Shi aka riƙe da laifin. Cewa ake ya juya maganar mutane don a yaba shi wajen manya. A masallaci ya miƙa hannu, aka bar masa shi a iska. Kawunsa ya aiko cewa gonar da ya ara masa, bana yana son abarsa.

"Wallahi abin da suka faɗa shi na faɗa," in ji Maina, yana zaune ya zuba wa rumbu ido. "Kin yarda da ni?"

"Na yarda, Malam."

Ita ma tana tuna yadda Zouera ke dawowa da yamma a fusace. "Mutanenku, Ɗela. Kowa na tambaya ya abinci, sai alhamdu lillahi. Na daina tambaya. Na sami wata dabara."

Daga ranar, kullum da sassafe sai ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar tsakar gari, kaye, littafin rubutunta, a cinya, ta yi shiru kamar mai lazimi. Ba ta kula kowa sai hantsi.

Tana son Ɗela. Ta ba ta ɗankwali, ta sha roƙon ta bar ta ta koyi daka. Ɗela takan yi murmushi ta ce tafin 'yan boko ba ya jure taɓarya, ta ja turminta bayan zana. "Ke ce ta fari kullum," in ji Zouera. "Naki nake fara ji, sannan sauran su amsa." Ko kaji a lokacin sun daina zuwa gindin turmi, amma 'yar birni ina za ta lura da kaji.

Da ta dawo daga rijiya ran nan, Ɗela ta shiga ɗakin da baƙuwar ta bari neman takardar ƙunshe kanwa. Ƙarƙashin tabarma ta tsinci tsohon kaye. Aji uku ta yi a lakwal, faransancin ya fi ƙarfinta, amma ta iya karanta suna. Ga sunayen masu gidaje a jere, talatin da huɗu. Gaban kowane suna 'yan sanduna, kowace safiya ɗaya. A saman shafin an zana turmi da taɓarya. Layin gidan Maina ya cika maƙil, ba giɓi ko na kwana ɗaya. Ashe dakan safe ta riƙa ƙirgawa: gidan da ta ji daka, ta rubuta shi da abinci.

Ta daɗe a tsugune. In ta kai wa maigari, an wanke mijinta yau ɗin nan. Sai dai za a tambaye ta me take dakawa, a gaban surukanta, a gaban shi Malam ɗin da bai taɓa tambaya ba. Bayanta kuma a tambayi Iya Nafi, a bi gida gida.

Ta cusa kayen a murhu, ta tsaya har ya cinye. Ba za ta gaya wa kowa ba. Wata uku ke nan ƙaiƙayi zalla take dakawa don kada maƙwabta su ji gidan mijinta shiru, kuma kunnenta ya san ƙarar: duk turmin da ya amsa mata a garin nan, abin da ke cikinsa ke nan.