Barcin Kawu Nomau

Ranar wata Talata ce, hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zubowa. Kawu Nomau ya shigo rumfar Barau wanzami, ɗan ƙanwarsa, ya tuɓe riga ya juya baya.

Shekara uku ke nan da likitoci suka zuba masa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira 'yan gadi a jini, su kuma suka cinye ƙullutun ciwon dajin da ke wuyansa. Sai dai 'yan gadin nan ba sa barci, ba sa kuma barin mai su ya yi. Doka ta ce duk wanzamin da ya yi wa mai ɗauke da su ƙaho, a ƙwace zabirarsa.

"Kawu, in na zuƙe su, ƙullutun zai dawo," in ji Barau.

"Ya dawo mana. Shi ai yana barina in runtsa. Ni na saya maka askarka ta farko, yau ni za ka karanta wa doka?"

Barau ya dubi jajayen idanun tsohon. Sannan ya yi tsaga, ya kafa ƙaho huɗu. Jinin da ya juye a kasko bai daskare ba. Har la'asar yana da ɗumi, kuma ko ƙuda ɗaya bai sauka a kai ba.

Nan kan tabarma Kawu ya mimmiƙe, har da minshari. Barau ya zauna yana roƙon maƙwabtan rumfa su rage murya.

Da kaka ƙullutun ya dawo, likitoci suka ga tabon tsaga, suka kai ƙarar Barau. Abin da aka rasa: zabira ɗaya, ƙaho huɗu, aska biyu, sai Kawu Nomau, bayan ya yi wata biyar yana barci lafiya.