Iskar Mai Faci a Kunnen Bakanike

Sati biyu ke nan kunnen wani bakanike na dama yana toshe, kuma haushin duniya ya ishe shi. Da kunnen nan yake cin abinci. Idan aka kawo mota tana ƙara, ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna gindinta a kunnensa, ya lumshe ido, can ya faɗi abin da ya lalace. Duk garejin babu mai ja da maganarsa. Yanzu kuwa ko mutum ne ke masa magana ta dama, ji yake kamar daga cikin randa ake yi.

Shi ya ja wa kansa, ba kowa ba. Shekara da shekaru, da ya ɗan samu sarari zai zaro makullin mota ko tsinken ashana ya hau ƙwaƙular kunne, yana karkace baki don daɗi. Da matarsa ta yi masa faɗa, sai ya koma tsinke mai auduga, wai shi ya waye. Bai san duk tura dauɗar kunnen yake yi ciki ba, yana danna ta har ta dunƙule ta rufe hanya.

Matar ta yi magana har ta gaji. Ta ce asibiti na nan bayan layinsu, ya je a duba. Ya ce shi da ke wanke kafireta guda biyar a wuni, ba zai je ya bi layi saboda dattin kunne ba.

Ranar da abin ya faru, mai facin tayar da ke bakin garejin ne ya gan shi yana bubbuga gefen kansa. Da ya ji damuwar sai ya yi dariya.

"Haba Oga, kai da kanka? In bututun mai ya toshe me kake masa?"

"Iska nake hura masa."

"To kunne ba bututu ba ne? Matso nan, ɗan kaɗan zan sakar maka."

Abin takaici, manyan mutane ne a wurin, masu 'ya'ya, amma ko ɗaya bai ce a'a ba. Wani ma riƙe masa kai ya yi. Mai faci ya jawo tiyon da yake cika tayar babbar mota da shi, ya saita a ramin kunnen, ya danna.

Bakanike ya ji wani abu ya fashe a cikin kansa. Garejin ya juya masa, ya durƙushe yana amai, jini na bin wuyansa. Maimakon a ɗauke shi zuwa asibiti, sai aka ɗauko man birki, tunda da shi suka saba wanke ciwo in ƙarfe ya yanke su. Aka kwantar da shi, aka ɗiga masa cikin kunnen. Ihun da ya yi har masu shago a tsallaken titi sai da suka fito.

Kwana huɗu yana kwance a ɗaki yana ɓoye wa matarsa gaskiya, wai zazzaɓi ne. Warin ruwan da ke zuba daga kunnen a matashin kai ne ya tona shi. Ba ta yi kuka ba, ranta ya ɓaci fiye da nan. Ta jefa masa riga, ta ce ko ya tashi da ƙafarsa ko ta kira yayansa a ɗauke shi kamar buhu.

A asibiti, likita ta haska kunnen. Da ta ji labarin iska da man birki, sai ta ajiye fitilar da ƙarfi.

"Malam, dodon kunnenka iska ta yaga. Da shi kaɗai ne, da yana iya warkewa. Amma man nan ya bi ta ramin ya ƙona can ciki, ga ciwo ya kama. Zan yi maganin ciwon, jin kam ban yi maka alkawari ba."

Ta gaya masa cewa dauɗar da ya tsana ita ke tare ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa in an ƙyale ta. Da ya zo tun farko, maganin ɗigawa za a ba shi ta yi laushi, a wanke masa cikin 'yan mintuna ya koma aikinsa. Matar ta juyo ta kalle shi, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Jin bai dawo ba. Ya koma gareji, amma ƙarar inji ta zame masa hayaniya, ba ya gane daga ina take fitowa. Sau biyu ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau, masu motoci suka fara wuce shi suna neman wani. Mai faci kuwa yana nan yana facinsa, kunnuwansa biyu garau.

Wata safiya autarsa mai shekara huɗu ta hau cinyarsa, ta kama kansa, ta raɗa masa wani sirri a kunnen dama. Ta ja baya tana dariya, tana jiran amsa. Iskar bakinta kawai ya ji. Da ta ga ya yi shiru, sai ta sauka tana kumbura baki, ta je ta gaya wa uwarta Baba ya daina kula ta.

Jama'a, kunne ba bututun mota ba ne. Kada ku cusa masa tsinke, makulli ko auduga, kada ku zuba masa abin da likita bai ba ku ba. Ku goge bayansa da tsumma mai laima, in ya toshe ko yana ciwo ku tafi asibiti.